Yadda zaka gyara goshin jirgin fasinja ba tare da ka ɓata shi ba

Duk mai kwale-kwalen inji da ya je wajen kafinta ko mai walda akan maganar goshi, kusan abu ɗaya zakaji yana faɗa: "Maigida a fiƙe min shi sosai, gudu nake so." Shi kuma mai aiki tunda kuɗinsa zai karɓa ba ruwansa, sai ya fiƙe. Toh daga nan ake fara ɓata jirgi. Goshin jirgin da ke ɗaukar mutane aiki uku ne a kansa, ya tsaga ruwa, ya ɗaga jirgin sama idan igiyar ruwa ta taso masa, sannan ya kai mutane gaɓa su sauka ba tare da wani ya tsunduma ba. Wanda aka fiƙe tun daga ƙasa har sama na farkon kaɗai ya iya, ranar da iska ta kaɗa kuma jirgi cike da 'yan kasuwa, maimakon ya hau kan igiyar sai ya soka kai cikinta ruwan ya zubo kan na gaba.

Abun da nake so ka riƙe kafin mu shiga lissafi shine goshi ya zama siriri a ƙasa daidai inda yake taɓa ruwa, ya riƙa buɗewa yana hawa sama, a cikinsa kuma a toshe wani ɓangare ruf da iska a ciki. Sauran bayanin duk hanyar yin wannan ne, da tif ɗin awo da alli da kwali.

Amma fara tambayar kanka wane ruwa jirgin zai bi. Kogin Kaduna na watan Maris ba shine na Satumba ba. Da rani duk wanda ya leƙa ta kan gada ko ya tsaya ta wajen filin shaƙatawa na Gamji a garin Kaduna ya san duwatsu ne a fili da tsibiran yashi, a wasu wuraren ruwan ko ƙugu bai kai ba, abun da zai dame ka shine karo da dutse da kafewa a yashi. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa ruwan ya yi ja, yana gudu, yana jawo itatuwa da kututture da shara, dan kogin daga tsaunukan Jos ya taso kuma duk rafin da ke kan hanya cikinsa yake juyewa har ya je ya faɗa Neja ta wajen Pategi. Ruwan dam kuma lamarinsa daban, irin Kangimi a Igabi ko Shiroro can jihar Neja wanda akan wannan kogin aka gina shi. Can ruwan baya gudu amma fili ne fetal, iskar hadari idan ta samu wajen sakewa sai ta tada igiyoyi gajeru masu tsini a jere a jere, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka tare kogin suna nan a ƙasa suna jira. Mai fito na minti biyar daga wannan gaɓa zuwa waccan da wanda zai yi awa guda a tsakiyar dam, goshin da ya dace da ɗaya zai cuci ɗayan.

Kuma dan Allah kada ka ɗauko zarto tukuna. Jirage da yawa da ake cewa goshinsu ne matsala, lodi ne matsalar. An jibge buhunan masara da babur a gaba saboda nan ne kusa da gaɓa kuma nan ya fi sauƙin saukewa, jirgi ya duƙa yana noma ruwa kamar garma, sai a ce kafinta bai iya ba. Ka maida kaya masu nauyi tsakiya a ƙasa, ka hana samari zama a kan goshi suna lilo da ƙafa, ka sake gwadawa. Sannan ka duba injin. Wajen da yake maƙale da bayan jirgi akwai ramuka huɗu ko biyar a jere da wani fin da ake sokawa, idan ka saka fin ɗin a ramin da ya fi kusa da jikin jirgi ƙafar injin zata shigo ciki goshi ya duƙa, idan ka matsar da shi waje goshi ya ɗaga. Wannan ko sisi bazaka kashe ba, kuma wani lokacin shikenan maganar ta ƙare.

Idan bata ƙare ba, sai a nemo layin ruwa, dan duk awon da zamu yi daga shi yake farawa. Ka samu safiyar da ruwa yake kwance, jirgi ba kowa sai inji da tankin mai, ka yi alama da fenti daidai saman ruwa a goshi da tsakiya da baya, ta ɓangarorin biyu. Sai ka yi masa lodi irin na gaske amma ba da mutane ba. A lissafi ana ɗaukar mutum ɗaya kilo 75, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo ɗaya ce, kenan jarka uku masu lita 25 sun tsaya a madadin fasinja ɗaya. Na mutum 20 jarka 60 kenan, ka yi magana da 'yan garuwa su baka haya, ko ka cika buhuna wajen masu ɗiban yashi tunda suna nan bakin kogin. Ka jera su inda mutane ke zama, ba a tsibe waje ɗaya ba, ka sake yin alama. Idan aka jawo jirgin tudu sai a tokare shi har alamomin su daidaita, da siririn tiyo mai ruwa ɗin nan da magina ke duba lebur da shi, a ja layi biyu zagaye da jirgin. Na sama, na lodi, shine namu.

Yanzu awon siranta. Ba sai ka nemo abun auna kusurwa ba. Daga inda goshi ya taɓa layin lodi ka auna mita ɗaya zuwa baya ta tsakiyar jirgi, a nan ka auna faɗin jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, daidai tsayin layin ba a saman baki ba. Idan ka samu wajen santimita 35, kowane gefe ya buɗe da digiri 10 kenan, wannan siriri ne sosai, na jirgin gudu ne mara kaya. Santimita 54 digiri 15 ne, 73 digiri 20 ne, idan ya kai 93 ka kai digiri 25 kuma daga nan jirgi ya fara tura ruwa a gabansa yana cin mai a banza. Ni dai a ganina jirgin fasinja mai inji ya tsaya tsakanin 55 da 75, na dam mai doguwar tafiya ya karkata wajen 55, na kogi mai yawan tsayawa da ɗaukar kaya ya karkata wajen 75.

Maganar gudu kuwa bari in kashe ta anan. Jirgi mai nauyi irin namu na katako ko ƙarfe wanda baya tashi saman ruwa, tsawonsa ne ke yanke masa iyakar gudu. Dalili shine goshi na tada igiya, duk sanda gudu ya ƙaru igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa, a lokacin bayan jirgi ya faɗa cikin kwarin igiyar goshi na sama, ya koma hawan tudun da shi ya tada da kansa. Jirgin da tsawonsa a layin ruwa mita 9 ne iyakarsa wajen kilomita 13.5 a awa, mai mita 12 wajen 15.6, mai mita 16 wajen 18. Ka ƙara wa mai mita 9 ɗin mita ɗaya a goshi, abun da zaka samu 14.2 ne, bai kai ƙarin kilomita ɗaya ba. Fiƙe goshi na rage shan mai kafin a kai iyakar, wannan gaskiya ne, amma baya ɗaga iyakar. Wanda ya cire inji mai ƙarfin doki 25 ya ɗaura mai 40 akan irin wannan jirgin yawancin ƙarin kuɗin man nasa igiya yake tadawa da shi yana jijjiga masu ƙananan kwale-kwale. Na faiba ɗin nan da ake ce wa banana su lissafinsu daban, basu da nauyi kuma ƙasansu ta baya shimfiɗaɗɗiya ce, shi yasa suke ɗagowa su zame a saman ruwa, shima ɗin sai idan ba'a cika su ba.

Sai buɗewar sama, kuma anan ne ran mutane yake. Idan gefen goshi ya miƙe tsaye sak, duk santimita ɗaya da ya nutse ƙarin ƙarfin da ruwa ke tura shi sama da shi iri ɗaya ne da na santimitan baya, baya wuce haka. Idan kuwa gefen na buɗewa waje, duk nutsewar da ya yi jiki mai faɗi ne ke shiga ruwa, ruwan sai ya ƙara ƙarfin turo shi, kafin ya kai baki goshin ya riga ya ɗago. Ga kuma tartsatsin ruwa, buɗaɗɗen gefe waje yake watsa shi, miƙaƙƙe kuwa sama yake aika shi iska ta maido shi kan fasinja da buhunan gari. Awon da zaka ba mai aiki mai sauƙi ne, duk hawan santimita 10 gefen ya fita waje da santimita 3 zuwa 4. Kenan idan daga layin lodi zuwa baki santimita 60 ne a wajen, bakin zai fi layin faɗi da wajen 20 ta kowane gefe. Kar a zarce da yawa dai, wanda aka baje shi sosai idan ya faɗo kan igiya mari yake yi, kaji dam! har cikin haƙarƙarin jirgi, kuma wannan dukan ne ke sassauta ƙusa a hankali.

Idan jirgin ka riga ka gama shi kuma ba kuɗin warware gefe, akwai dabarar talaka. A samu doguwar reshen katako mai kaurin santimita 4 zuwa 5, a ɗaure ta a jikin goshi ta waje, ta faro sama kusa da hanci ta gangaro a hankali zuwa baya har wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgi, ƙarshenta ya tsaya kaɗan sama da layin lodi. Ƙasanta ya zama a miƙe, kar kafinta ya goge mata kusurwa wai dan kyau, kusurwar ce ke yanke ruwan da ke hawa jiki ta jefar da shi gefe. Bata ƙara wa goshi ƙarfin ɗagowa sosai amma tana rage jiƙa mutane, ta rage aikin yaron da ke kwarfe ruwa.

Ta gefe kuma idan ka kalli jirgi, itacen hancin ya kwanta gaba, kar ya tsaya a tsaye. Hawan mita ɗaya ya fita gaba da santimita 70 zuwa mita ɗaya. A kogi irin namu wannan ba ado bane, mafi yawan mafitanmu ba wani dandamali, gaɓa ce ta yashi ko laka, kwantaccen hanci na hawa gaɓar ya miƙa baki kan busasshiyar ƙasa tsohuwa ta taka ta sauka. Kuma idan aka haɗu da gungumen da ruwa ya jawo, kwantacce hawa kansa yake yi ya danne shi, tsayayye kuwa gaba da gaba zasu yi. A bi hancin da lafiyayyen shimfiɗaɗɗen ƙarfe, wato flat bar, tun daga sama har ya shige ƙarƙashi, shi zai riƙa cin dutse a madadin katako.

Wajen da mutane basu cika lura ba shine ƙasan goshi, inda hanci ya haɗu da ƙasan jirgi. Idan wajen ya yi zurfi kuma ya yi kaifi, shima sitiyari ya zama, sitiyari a gaba kuma wanda ba kowa ke riƙe da shi ba. Kana tsallaka kogi a damina ka karkata goshi wajen da ruwa ke fitowa, sai ka shiga inda ruwan ke juyi kusa da ƙafar gada ko bayan dutse, ruwan ya cafke wannan ƙasan ya fizge goshi gefe, baya ya biyo da ƙarfin inji, jirgi ya gicciya ya kwanta. Haka ma idan igiya na bin ka ta baya a dam. Maganinsa ƙasan jirgin ta fara ɗagowa a hankali tun daga kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe, ta yadda a hanci zurfin da ya rage cikin ruwa kaɗan ne. A hankali nace, lanƙwasa mai santsi, ba a karya ta waje ɗaya ba.

Tsayin goshi kuma a bar shi wajen ninki ɗaya da rabi na tsakiya, idan bakin tsakiya santimita 40 ne sama da layin lodi goshi ya kai 60 ko ɗan fi. Masu son a ɗaga shi can sama su tuna matuƙi a baya yake zaune riƙe da hannun inji, kan mutane na gabansa, idan goshi ya tare masa ido bazai ga kututture ba bazai ga mai kamun kifi ba. Iska ma kama dogon goshi take yi idan jirgi ba kaya. Ka zauna a mazaunin matuƙi da kanka a sa kwali a tsayin da ake so, ka ga me kake iya hangowa.

Akwai masu goshi mai faɗi, wanda aka yanke shi a miƙe ƙasan ta ɗago kawai. Kar a raina shi, ga ɗan gajeren fito a ruwa mai kwanciya da ɗaukar babura da dabbobi babu kamarsa, baya rawa idan ana shiga, ga wajen taka ƙafa. Amma kar a kai shi tsakiyar dam da yamma lokacin hadari, duka zai yi ta sha har ya gaji. Masu yi masa ƙofar da ake saukewa ta zama gadar hawa babur kuma, maƙalar ƙofar ta zauna can sama da layin lodi, a bayanta a yi dakali na dindindin wanda ko ƙofar ta ɓalle ruwa bazai wuce shi ba, kuma ba'a tashi sai an ɗage ta an ɗaure da sarƙa ta gefe biyu. Ƙofar goshi ta ci manyan jiragen da suka fi namu sau dubu. A Maris 1987 Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge a Beljiyam ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya shiga ya kife, mutum 193 suka mutu. A Satumba 1994 murfin goshin jirgin Estonia ya ɓalle a tekun Baltik, mutum 852 suka mutu.

Tunda an zo kan manyan jirage, kwanakin nan kowa da waya, sai mutum ya ga hoton jirgin teku da wani ƙullutu a ƙasan goshi ya ce shima a yi masa. Ƙullutun nan aikinsa ya tada tasa igiyar a gaba ta kashe wadda goshi ke tadawa, wani malamin Jami'ar Tokyo, Takao Inui, ya yi suna wajen binciken yadda ake lissafa shi. Amma yana aiki ne idan jirgi babba ne, yana tafiya da gudu ɗaya kwana da kwanaki, zurfinsa a ruwa baya canzawa sosai. Naka da safe mutum biyar, da yamma ashirin da buhuna, ƙullutun wani lokacin a sama wani lokacin a ƙasa, ƙarshenta dutse zai fara samu ko ya tattaro maka leda da kainuwa. Haka goshin nan mai komawa baya na kamfanin Ulstein na Norwe wanda jirgin farko mai shi ya fito a 2006, an yi shi ne dan ya ratsa igiyar teku, kuma samansa a rufe yake. Naka a buɗe yake da mutane a ciki. A bar shi a waya.

Abun da ya cancanci a kwaikwaya a wajensu shine bangon karo. Dokar SOLAS ta kare rayuka a teku, wadda aka fara yi a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, a yau ta wajabta wa manyan jirage bango mara yoyo a bayan goshi, wajen kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na tsawon jirgi, dan idan goshi ya fashe ruwa ya tsaya nan. A jirgin mita 10 ka yi naka wajen mita 1.2 daga hanci, daga ƙasa har baki, ka rufe samansa ka bar ɗan murfi mai roba. Wannan akwatin zai ɗauki iska wajen lita 300. Amma katako sai ya yi yoyo wata rana, saboda haka a cusa masa jarkoki marasa komai a ɗaure murafansu tam, ƙanana da manya yadda zasu shiga, ko gorunan roba, duk lita ɗaya ta iska kilo ɗaya take riƙewa. Soson katifa a'a, shan ruwa yake yi. A yi irinsa a baya kusa da inji da ƙarƙashin kujeru, in ba haka ba ranar da ruwa ya cika jirgi nauyin inji zai ja baya ƙasa goshi ya miƙe tsaye, ba wajen kamawa.

A fahimce ni da kyau, akwatin nan da buɗewar nan da duk gyaran nan basu ƙara maka kujera ko ɗaya ba. Jirgi mai mita 10 da faɗin 1.8, duk kilo 135 ko kusa da haka na nutsar da shi santimita ɗaya, mutum 20 santimita 11 kenan, kuma ruwan da ya kwanta a ƙasan jirgi zurfin santimita 5 akan fili mai murabba'in mita 10 kilo 500 ne, kusan mutum bakwai da basu biya kuɗin fito ba, masu gudu gefe ɗaya duk sanda jirgi ya karkata. Hatsarin kwale-kwalen da ya faru a Bagwai jihar Kano ƙarshen Nuwamba 2021, wanda galibin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, lodi fiye da kima aka fi danganta shi da shi. Allah ya jiƙansu.

Wajen aikin kansa, kar a yarda da "na gane" na baki. A yanka kwalin firij ko falai mai arha a fitar da siffar kowane haƙarƙari, a tsayar da su a jikin jirgi, a bi su da siririn katako mai lanƙwasuwa daga hanci zuwa tsakiya, ka ja da baya ka kalla. Duk inda katakon ya yi ƙusumbi ko ya loɓa, nan ruwa zai yi gardama, a gyara tun a kwali. A ja zare ta tsakiya daga hanci zuwa baya a auna dama da hagu, bambancin santimita biyu ya isa jirgi ya riƙa jan gefe ɗaya har abada.

Na katako, itacen hanci a sa mai tauri mai jure ruwa, maɗaci ko kawo ko loko, busasshe. Idan za'a ƙara tsawo kar a haɗa baki da baki a buga ƙusa, a fere kowane ɓangare a kwance, tsawon feren ya ninka kaurin katakon sau takwas, mai inci ɗaya feren inci takwas kenan, a haɗa da gam mai jure ruwa da noti. Kuma mahaɗan kar su faɗo layi ɗaya, na wannan falankin ya wuce na wancan da haƙarƙari biyu ko uku. Idan suka jeru ka zana wa jirgi inda zai karye ne da hannunka. Jirgi na karyewa fa, wanda ya nutse a Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a Kebbi cikin Mayu 2021 rahotanni sun ce rabewa ya yi biyu. Ƙusa da noti a nemi masu galbanaiz, baƙar ƙusa tsatsa take yi ta ci katakon da ke zagaye da ita. A cusa auduga ko zaren buhu a tsaga kafin a bi da kwalta.

Na ƙarfe, 'yan Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna, ba abun da bazasu lanƙwasa maka ba, amma kai zaka riƙe lissafin nauyi dan su ƙarfi suke so. Falan ƙarfe mai kaurin milimita 3 kowane murabba'in mita kilo 23.5 ne, ka ƙara murabba'in mita huɗu a goshi ka zaunar da ƙaton mutum a can kenan wanda baya sauka, goshin da kake son ɗagawa sai ya ƙara duƙawa. Kar a sa mai kauri sai a ƙasan da ke cin dutse. Gwajin walda kuma ga yadda ake yi, a jiƙa alli a shafe layin waldar ta waje a bari ya bushe fari fat, a shafa kananzir ta ciki, a jira. Duk inda akwai ƙofar allura kananzir zai ratsa, sai kaga ɗigo mai duhu ya fito a jikin allin, a zagaye shi, a goge wajen ya bushe sarai kafin a sake kunna wuta. Tankin mai ya yi nisa da wajen tun farko. Na faiba kuwa a goge tsohon jiki har sai farin zaren ya bayyana, a tabbatar ya bushe, kowane shimfiɗi ya zarce na ƙasansa da santimita 10 zuwa 15. Faiba akan jiƙaƙƙen katako ɓawo ne kawai, zai ɓare.

Zoben ɗaure jirgi a huda shi ta cikin itacen hancin da noti da babban washa ta ciki, ƙasa ƙasa kaɗan, ba a saman baki da ƙusa ba, dan ranar da za'a ja jirgin a ruwa mai gudu igiya daga sama danna goshi take yi.

An gama, sai a koma ruwa da jarkokin nan, ba da fasinja ba, kai da matuƙi kowa da rigar kariya a jiki. Ka buɗe manhajar auna gudu a waya, ka tafi sama ka dawo ƙasa ka haɗa gudun biyun ka raba biyu saboda gudun kogi. Ka tsaya a gaba ka leƙa, igiyar goshi ta kwanta ta bi gefe, kar ta hau ta wuce rabin tsakanin layin lodi da baki. Ka sa wani jirgin ya wuce ku ratsa igiyarsa a hankali sannan da ɗan gudu, ka ga goshin na ɗagowa ko sokawa yake. A yi kwana dama da hagu, a sassauta mai farat ɗaya a ga ko igiyar baya na hawowa ta wajen inji. A kusa da gaɓa inda ba zurfi a matsar da kashi ɗaya cikin huɗu na jarkokin gefe ɗaya, idan baki ya kusa shan ruwa a rage adadin mutane, ba wani gyaran goshi da zai magance wannan. Layin da aka tsaya a kai a zana shi da jan fenti mai kauri ta waje inda fasinja zai gani daga gaɓa, a rubuta adadin a jikin bangon akwatin. Tunda siffar jirgi ta canza a sanar da sarkin ruwan mafitar, a kuma nemi jami'an NIWA, hukumar hanyoyin ruwa ta cikin gida mai hedikwata a Lokoja, su duba shi, su ne dama suka hana tafiyar dare da hawa ba rigar kariya.

Bayan sati biyu ana aiki a sake bin notinan hanci da sifana, sabon katako na kumbura ya saki. Murfin akwatin goshi kuma a riƙa buɗe shi duk ranar da ba aiki ya sha iska, a zura hannu har ƙasa a ji ko da ruwa, a girgiza jarkokin ɗaya bayan ɗaya, wadda aka ji motsi a cikinta a canza ta.